Zama a Lekki da Ajah, Gefen Tekun Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a farkon 2023, aka kuma ƙaddamar da matatar man Dangote a watan Mayun 2023, hankalin mutanenmu ya karkata zuwa gabashin Legas. Akwai wanda aka yi wa canjin wurin aiki, akwai direban tanka, akwai ɗan kasuwa, akwai maigadi, akwai kuma wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son ya mallaki fili. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yawan yi, kuma za ka lura kusan kowace amsa tana komawa ga ruwa, domin a wannan yanki ruwa ne ke yanke hukunci a kan gida, da hanya, da lafiya, da aljihu.

Wai ina ne ake kira Lekki ɗin nan?

Wani siririn zirin ƙasa ne da ya miƙa gabas daga Victoria Island har zuwa wajen Epe. Kudancinsa Tekun Atlantika ne, arewacinsa kuma tafkin Legas. Yawancinsa yana cikin ƙananan hukumomi biyu, Eti-Osa da Ibeju-Lekki. Idan ka taso daga cikin gari za ka fara da Lekki Phase 1, sai Ikate, Jakande, Chevron, Ikota, VGC, Ajah, Sangotedo, Awoyaya, Lakowe, Eleko, har ka kai yankin matata. Duk waɗannan dillali zai iya ce maka "Lekki ne", alhali tsakanin na farko da na ƙarshe tafiyar kilomita da yawa ce, kuma bambancin kuɗin hayarsu ya wuce misali. Saboda haka kada ka yarda da sunan kawai, ka nemi a faɗa maka tashar mota mafi kusa da gidan.

Shekaru arba'in da suka wuce mafi yawan wurin nan fadama ce da dajin bakin ruwa da ƙauyukan masunta. Yashi aka haƙo daga ƙarƙashin tafki aka cike shi, sannan aka yanka filaye. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci sauran amsoshin cikin sauƙi.

Da gaske ne ruwa yana shiga gidaje, ko zuzutawa ce irin ta kafafen sada zumunta?

Gaskiya ne, sai dai ba kowane layi ba. A unguwa ɗaya za ka ga wannan layin a bushe, na bayansa kuma ruwa ya kai gwiwa. Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko, ƙasar a kwance take, tsayinta bai wuce na teku da wani abin kirki ba, don haka ruwan sama ba shi da gangaren da zai bi da sauri. Na biyu, yawancin magudanan yankin cikin tafki suke zubewa, shi kuma tafkin yana cika yana janyewa tare da teku. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a daidai lokacin da teku ya tumbatsa, bakin magudana yakan toshe da ruwan tafki, sai na unguwa ya tsaya cik, wani lokacin ma ya riƙa dawowa baya ta cikin kwata. Shi ya sa za ka ga an ɗauke ruwa tun da hantsi amma layin bai tsane ba sai bayan la'asar. Na uku kuwa aikin mutane ne: an cike fadamun da ke shanye ruwa an yi gini a kai, an matse hanyoyin ruwa da katanga, an kuma cika kwatoci da robobi da ledoji.

Daminar Legas kashi biyu ce. Babba tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ƙarama ta biyo a Satumba da Oktoba. A Yulin 2017 ruwa ya mamaye titunan Lekki da Victoria Island har aka ga mutum yana tuƙa kwale-kwale a kan kwalta, haka kuma aka sake gani a farkon Yulin 2024. Ba kowace shekara ake kaiwa wannan matakin ba, amma kowace shekara akwai layukan da ke shan wahala, kuma kusan su ɗin ne dai kullum.

To yaya zan gane gidan da ruwa ke shiga tun kafin in biya?

Ka je duba gida da damina, in da hali washegarin ruwa mai yawa. Gani ya kori ji. Mai gida da dillali sun fi son su kai ka a Janairu ko Fabrairu, lokacin da komai ya bushe kuma an sabunta fenti. Idan dole ta sa da rani za ka kama, akwai alamomin da ba sa ɓoyuwa. Dubi katangar maƙwabta, ba ta gidan da aka yi wa fenti ba: za ka ga wani layi mai duhu ya bi ta a miƙe, iyakar inda ruwa ya tsaya ke nan. Dubi ƙasan ƙofar ƙarfe ko tsatsa ta cinye shi. Dubi bakin ɗaki, idan an ɗora bulo ɗaya ko biyu an shafe da siminti ta yadda sai ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga, ba ado aka yi ba. A cikin ɗaki, shafa hannunka a bango daf da ƙasa. In fentin ya kumbura yana zubowa kamar gari, laima ce ke hawowa daga ƙarƙashi. Sannan ka gwada tsayin daɓen tsakar gidan da na titi. Gidan da titi ya fi shi tudu shi ne matattarar ruwan layin, kuma hakan yana faruwa da yawa, domin duk wanda ya zo gini daga baya sai ya ƙara cika nasa filin ya fi na maƙwabcinsa.

Bayan duk wannan, ka tsaya wurin mai shayi ko maigadin layin. Sau da yawa ɗan gida ne, Bahaushe ko ɗan Nijar, kuma ba shi da la'ada a cinikin. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi inda ruwan bara ya kai. Amsar da zai ba ka ta fi duk hotunan da aka turo maka a waya. In kana da zaɓi, ka ɗauki hawa na sama.

Wuri ne da ruwa ya kewaye, ke nan ruwan sha ba zai yi wuya ba?

Nan ne baƙo ya fi shan mamaki. Ruwan famfon gwamnati bai kai yawancin unguwannin nan ba, kowa da rijiyar burtsatsensa. Ruwan yana kusa, ba a yin nisa ake tarar da shi, amma a wurare da dama yakan fito ja-ja ko ruwan ƙasa saboda sinadarin ƙarfe, wani da wari, wani kuma da ɗanɗanon gishiri idan an kusanci teku. Ka tara shi a farin bokiti ka bar shi ya kwana, da safe za ka ga abin da ya kwanta a gindi. Yana rina farar shadda, yana ɓata tayil ɗin banɗaki, wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi.

Manyan rukunan gidaje suna da injin tace ruwa, kuɗinsa yana cikin abin da mazauna ke biya. Sauran jama'a tanka suke saye don wanka da wanki, su sha ruwan leda ko na gora. Wannan kashe kuɗi ne na kowane wata, ka sa shi a lissafi tun farko.

Akwai wani abin da ya fi launi muhimmanci. Tunda ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, ramin masai yana saurin cika, da damina kuma abin da ke ciki yana iya haɗuwa da ruwan rijiya. Lokacin ɓarkewar amai da gudawa a Legas a watan Yunin 2024, Eti-Osa tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Kada ka ba yara ruwan burtsatse su sha ba a tafasa ba, komai haskensa.

Cunkoson da ake faɗa fa?

Babbar hanya ɗaya ce ta ratsa zirin, wato titin Lekki zuwa Epe, kusan kowa kuma ita yake bi safe da yamma. Daga Ajah zuwa Victoria Island kimanin kilomita 20 ne. Ranar Lahadi da safe rabin awa ta isa. Ranar Litinin kuwa, wanda ya fito bayan ƙarfe shida yana iya shafe awa biyu ko fiye, shi ya sa ma'aikata da yawa ke barin gida da an sallame sallar asuba, wasu ma a ofis suke yin ta. Gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013 da gadar sama ta Ajah ta 2017 sun rage wani abu, amma jama'a sun ƙaru fiye da hanya, ga kuma tankoki da tireloli masu zuwa matata da tashar ruwa. Sabon titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, wanda aka fara a 2024, ya ba da hanya ta biyu a ɓangaren da aka buɗe. Layin dogon da aka tsara daga Marina zuwa yankin matata kuwa kada ka gina lissafinka a kansa sai ka ga jirgi yana tafiya.

Shawarata ita ce ka fara sanin inda za ka yi aiki, sannan ka nemi gida. Mai aiki a matata ya nemi Eleko ko Lakowe ko ma Epe, ya riƙa tafiya saɓanin inda cunkoso ya nufa. Mai aiki a Ikeja ko Apapa kuwa, in ya zauna Sangotedo don arhar haya, abin da ya rage a haya zai biya shi da mai da barci da ganin iyalinsa.

Akwai kuma jiragen ruwa na haya daga Badore zuwa ɓangaren Ikorodu da cikin gari. Suna da sauri. Ka sa rigar kariya ka ɗaure ta sosai, kada kuma ka shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ko wanda zai tashi bayan duhu.

Ana yin acaɓa a can?

Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Eti-Osa, daga baya ta ƙara wasu. Ana kama babura a murƙushe su, kuma dokar ta shafi fasinja ma. Za ka ga wasu suna yi a lunguna, amma duk wanda ke shirin sayar da akuyoyinsa ko ya ci bashi ya sayi babur don ya zo Lekki, ya san cewa rana ɗaya tana iya raba shi da jarin gaba ɗaya.

Me iskar teku ke yi wa kaya?

Tana ɗauke da gishiri, gishiri kuma yana cin ƙarfe. Ƙofar gida, kwanon rufi, ƙarfen taga, janareta, na'urar sanyaya ɗaki, ƙarƙashin mota, duk suna tsatsa da wuri, kuma gwargwadon kusancinka da teku gwargwadon saurin lalacewarsu. Masu dabara suna wanke ƙarƙashin mota akai-akai, suna yi wa ƙarfe fenti duk shekara, a gini kuma suna zaɓar alminiyam.

Ɗanshi shi ne abin da ɗan Arewa bai saba da shi ba. A gida ka shanya riga kafin ka gama alwala ta bushe. A nan da damina tana iya kwana biyu a igiya ta ƙare da warin ruma. Takalmin fata da ka ajiye a kabad zai yi fumfuna, haka hula da darduma. Kilishi yana yin laushi, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa suna dunƙulewa in ba a roba mai murfi aka zuba su ba. Kada ka jingina katifa ko kabad da bango, ka bar iska ta ratsa. Zafin bai kai na Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, amma zufa ba ta bushewa a jiki. Hunturu kuwa ɗan leƙowa yake a Disamba da Janairu ya wuce. Sauro ba ya tafiya hutu, don haka gidan sauro na shekara ne cur.

Wuta fa?

Kamfanin rarraba wuta na Eko ne ke kula da yankin. Layukan da ke rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, amma tun Afrilun 2024 kuɗinsu ya tashi zuwa sama da naira 200 kowane yunit. Ka tambayi rukunin gidan, ka tabbatar yana da mitar kati tasa shi kaɗai, ka kuma duba ko wanda ya tashi bai bar bashi a kanta ba.

Ban da kuɗin haya, me kuma zan biya?

La'adar dillali, kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, kuɗin ajiya na abin da ka iya lalacewa, sannan kuɗin hidimar rukunin gidaje: masu gadi, kwasar shara, tace ruwa, man babban janareta. Wannan na ƙarshen shi ne ke kayar da mutane, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya, a wasu gidajen ma yana tasam ma hayar kanta. Ka nemi a rubuta maka abin da aka biya bara. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ba mai biyan shekara-shekara wa'adin wata shida kafin a tashe shi, sai dai in yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta faɗi wani abu daban. Ka karanta takardar kafin ka sa hannu, kada kuma ka tura ko sisi sai ka shiga gidan da ƙafarka ka ga mai shi ko wakilinsa na gaskiya.

Ina so in sayi fili. Ina tarkon yake?

A nan ne mutane suka fi yin asara mai tsanani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma tun da daɗewa gwamnatin Legas ta karɓe mafi yawan wannan zirin. Abin da iyalan asali ke da ikon sayarwa shi ne ɓangaren da gwamnati ta yanke ta mayar musu, aka kuma buga shi a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Idan aka ce maka "takardar tana kan hanya", ma'anarsa a yau filin na gwamnati ne. Ka ɗauki safiyo naka na kanka ya ɗauki awon filin, a kai ofishin babban safiyon jiha a ga ko yana cikin wurin da aka ware wa hanya ko magudana ko wani aiki. Ka ɗauki lauya naka, ba na mai sayarwa ba, ya bincika a ofishin rajistar filaye da ke Alausa. Idan filin yana da takardar shaidar mallaka tun da, sayenka bai kammala ba sai da amincewar gwamna.

Sai 'yan omo onile, masu cewa ƙasar kakanninsu ce. Sukan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, sukan kuma zo neman kuɗi ranar da ka sauke yashi, da ranar zuba harsashi, da ranar rufi. Jihar ta yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, ta taimaka, amma abin bai mutu ba.

Ko takarda ta yi kyau, wurin da filin yake yana iya kayar da kai. A 2023 gwamnati ta rushe manyan gidaje a Ikota saboda an gina su a kan hanyar ruwa, a 2024 kuma aikin titin bakin teku ya ci gine-gine da dama. Sannan gini a kan fadamar da aka cike ba irin ginin Kano ba ne. Sai an gwada ƙasa, sai an yi harsashin kankare shimfiɗe ɗaya ko an kafa turaku masu zurfi, kuma kuɗin da za a binne a ƙasa yana iya kai na filin. Arha ba ta ado: filin da aka karyar maka da farashinsa sosai, je ka duba shi a watan Yuni.

Tekun yana cin ƙasa ne?

Yana ci. Yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen shingayen duwatsu a bakin mashigar tashar Legas don jirage su samu hanya, sai shingayen suka tare yashin a ɓangaren yamma, gabas ya rasa mai cike masa abin da igiyar ruwa ke kwashewa. Haka gaɓar Bar Beach da ke Victoria Island ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru, har aka cike wurin aka kafa sabon birnin Eko Atlantic da katangarsa ta duwatsu. A Alpha Beach da ƙauyukan da ke kusa, teku ya cinye gidaje da hanya da bishiyoyin kwakwa. An jera shingayen duwatsu a wani sashe na gaɓar don rage abin, amma gidan da ke kallon teku kai tsaye ba wurin da mai ƙaramin ƙarfi zai zuba dukiyarsa ba ne.

Mai ƙaramin ƙarfi zai iya zama kuwa?

Ana zama, kuma su ne ke riƙe da unguwannin: magina, masu gadi, masu tura ruwa, masu kayan miya, mahauta, masu gyaran takalma. Amma ina so a san tarihin wurin. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar talakawa ta Maroko da ke kusa da Victoria Island, aka raba mutane kimanin 300,000 da muhallinsu, wasunsu aka watsa su Ilasan da Ikota. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta da ke bakin tafki. Duk inda talaka ya kafa rumfa a nan, ranar da ƙasar ta yi daraja ana iya zuwa da buldoza da asuba. Don haka wanda ke kwana a kango ko rumfar katako kada ya tara kuɗinsa da takardunsa a wurin. Ya buɗe asusu, ya riƙa turawa gida, ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa. Ya kuma gabatar da kansa ga Sarkin Hausawan unguwar tun ranar da ya sauka, domin ran da rigima ta tashi, a nan ake fara tambayar wanda ya san shi.

Masallaci, makaranta da abincin gida?

Ba za ka rasa ba. Akwai babban masallacin Juma'a a Lekki Phase 1, akwai wasu a Ajah da sauran unguwanni, Yarabawa Musulmi kuma suna da yawa. Tumatir da albasa da tattasai daga kasuwar Mile 12 ake kawo su, shi ya sa suka fi tsada a nan. Iyalai da yawa sukan haɗa kuɗi mutum ɗaya ya je ya saro. Makarantun kuɗi sun fi na gwamnati yawa, kuma wadda ke kusa da gida ta fi wadda ta yi suna, saboda kada yaro ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin motar makaranta.

Zan iya kai yara su yi wasa a bakin teku?

Za ka iya, Elegushi da Eleko da wasunsu duk ana zuwa, galibi sai an biya kuɗin shiga. Amma tekun nan ba kogi ba ne ba kuma dam ba. Gaɓar tana da gangare, igiyar tana da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da gudu, ya ja mutum ko da iyakarsa gwiwa. Wurin da ya fi kama da kwanciyar hankali tsakanin igiyoyi biyu, sau da yawa nan ne hanyar janyewar. Iya iyo a kogin garinku ba ya isa. Ka riƙe hannun yaro, kada ka juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto, kada a shiga da doguwar riga ko hijabi mai nauyi, kuma da damina a tsaya a kan busasshen rairayi. Idan ruwan ya ja wani, a yi ihu a kira masunta ko masu ceto na wurin, a jefa masa igiya ko jarka. Kada wanda bai san tekun ba ya faɗa bayansa.